Ranar da Na Zuba ma Murjani Ruwan Zafi

Sai da na haura shekara arba'in kafin in ga teku. Ni haifaffen wani ƙauye ne arewa da Mayahi, wajen Issawane, inda sai an ɗaura ma raƙumi igiya kafin wasaki ya fito daga rijiya. Na yi shekaru ina koyar da ilimin halittu a wata kwaleji cikin Mayahi, ina zana ma yara abubuwan teku a allo, abubuwan da ni ma a littafi kawai na san su. Wata shekara aka tura mu horo na mako biyu a Kwatano. Tekun da na ɗokanta in gani bai yi mani daɗi ba. Ƙararshi ta hana ni matsawa, na tsaya can nesa da takalma a hannu. Abin da ya kama ni a wani ɗan kanti na same shi, bayan masaukinmu: akwatin gilashi cike da ruwan gishiri, an haska shi da shuɗiyar fitila, cikinshi duwatsu, a kan duwatsun wasu abubuwa kamar furanni suna buɗewa suna rufewa. Mai kantin ya ce murjani ne mai rai. Ni murjanin da na sani shi ne jan dutsen wuya da Inna ke ajiyewa a ƙasan kwalla. Duk yammacin da aka tashe mu daga horo, can nake zuwa in tsaya.

Da na dawo gida, shekara biyu na yi ina haɗa nawa. Gilashin a Maraɗi aka yanka mani. Gishirin ba irin na miya ba ne, na musamman ne da ke zuwa a buhu daga Yamai. Na ƙara fano biyu na hasken rana a kan rufi da batir, saboda injin da ke juya ruwan bai jure ɗaukewar kuran, wato wutar lantarki. Babban abokin gabana zafi ne. Na zaɓi ƙaramin ɗakin da ke arewacin gidan, na toshe tagarshi da kwali da tsumma, na rataya labule mai kauri a ƙofa. Da bazara gorunan ruwa nake daskararwa in riƙa jefawa ciki sau uku a yini. Matata tana yin zoɓo da lamurje na sayarwa, amma rabin firigonta gorunana suka cinye. Sau ɗaya ta yi magana, ta ce, "Malam, kifin da ba a ci shi ke shan ƙanƙara, mu muna shan ruwan randa." Da dariya ta faɗa, ba ta kuma sake ba.

Kifi biyu na fara da su, suka rayu. Daga nan raina ya koma kan murjani. Akwai wani zaure a waya na masu irin wannan kiwo, mutanen Dakar da Abijan da Lome, da mutum biyu a Yamai, duk da Faransanci ake magana. A nan na samu wani ɗan kasuwa a Lome da ke sayo murjani daga tsibiran Asiya ta jirgi. Wata uku muna magana. Ya turo mani hotuna, na zaɓi guda biyar, cikinsu har da wani mai launin ruwan hoda da zinariya wanda ya ce ba kasafai ake samunshi ba. Muka jira lokacin sanyi. Tsarin shi ne ya sa kayan a jirgi zuwa Yamai, ɗaya daga cikin mutanen zauren ya karɓa ya sa a kar ɗin Damagaram, wato babbar motar fasinja, ƙanena da ke da shago kusa da tasha a Tasawa ya sauke.

Ranar da kayan za su iso na hau moto tun da hantsi na kama jar hanya. Sai bayan la'asar kar ta shigo. Ƙanena ya miƙo mani gilasiye, irin akwatin nan na ajiye sanyi, an naɗe shi da salatif, ya ce, "Yaya, wannan duk dutse ne ka sa aka hau jirgi da shi?" Na ce eh. Ya girgiza kai ya taya ni ɗaurewa. A hanyar dawowa wani jandarma ya tsayar da ni ya ce in buɗe. Na san wasu irin murjanin sai da takardar izini ake fitar da su, ni kuwa hoton takarda kawai aka turo mani, ban ma iya karanta hatiminta ba. Ya ɗaga leda ɗaya ya duba a hasken rana. Dutse a cikin ruwa. Na ce mashi ni mushe ne, wato malamin makaranta, dutsen na koyarwa ne. Ya dube ni kamar mai tausayi, ya ce in tafi.

A gida na tarar leda shida ce ba biyar ba. Ta shidan kyauta ce, haka mutumin ya rubuta a jikinta. Dutse ne kamar dunƙulen hannu, da wasu 'yan abubuwa a kanshi kamar maɓallan riga, ruwan ƙasa da kore a tsakiya. Ba su da kyau sosai. Ban tambayi sunansu ba. Na ajiye shi a kusurwa.

Cikin biyar ɗin da na saya, biyu suka mutu a bazarar farko. Maɓallan kuwa ko a jikinsu. Yaɗuwa suka yi ta yi, daga dutsensu suka tsallaka kan na kusa, kafin damina ta ƙare sun fara hawa kan mai ruwan hodar nan, yana ta ƙanƙancewa. Na yanke shawarar in kashe su.

Asabar ce, da kaka, lakwal, wato makaranta, ba ta daɗe da komawa ba. Inna ta zo daga ƙauye kwana huɗu kafin nan, saboda ciwon gwiwa. Ita ba ta taɓa shiga ɗakin ba. Ta leƙa sau ɗaya ta ce ruwan da ke motsi ba kowa kusa da shi ba abin zama kusa da shi ba ne. Da safen tana tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ɗiyata, wadda take shekara tara a lokacin, tana cikin ɗakin a kan tabarma tana aikin lakwal, don ya fi ko'ina sanyi a gidan.

Na ciro duwatsu uku na sa a babbar roba. Na ce ma matata ta tafasa mani ruwa. Ta kawo tukunyar har cikin ɗakin, ta tsaya tana kallo. Na tuttula ruwan a kan duwatsun. Tururi ya tashi ya cika ɗakin, da wani wari kamar na ɗanyen kifi da ƙarfe. Maɓallan suka tsuke suna fitar da yauƙi. Na ɗauki burushi na durƙusa ina gogewa, fuskata a kan robar. Ɗiyata ta taso ta leƙa, ta ce, "Baba, suna jin zafi?" Na ce a'a. Ta yi atishawa sau biyu ta koma kan littafinta. Na kusa rabin awa ina wannan aiki, ƙofa da labule, taga a toshe. Da na gama na kwashe rabin ruwan na watsar a gindin iccen bedi, inda kaji ke tono. Robar da duwatsun na bar su a ɗakin, da niyyar in ɗauraye su da yamma.

Wajen sha ɗaya na fara jin ɗaci a bakina, kamar na tsotsi tsohon kwabo. Hancina ya fara zuba. Na ce mura ce. Da aka kawo abincin rana ɗiyata ta ce shinkafar ɗaci gare ta, uwarta ta ɗanɗana ta ce ita ma haka ta ji, ko man ne ya lalace. Inna ta ci ta ce ita ba ta ji komai ba.

Kafin azahar sanyi ya rufe ni. Rana tana tsaka, amma haƙorana suna haɗuwa. Na tashi in yi alwala, ƙafafuna suka yi nauyi, bayana da cinyoyina kamar an yi mani duka da sanda. Ina tsugune da buta na ji tarin ɗiyata daga ɗakin uwarta, busasshen tari, ɗaya bisa ɗaya ba hutu. Na shiga na same ta zaune a bakin gado ta dafa gwiwoyi da hannu biyu, kafaɗunta suna ɗagawa da kowane numfashi. Uwarta na kwance a gefe ta lulluɓa da zane biyu tana rawar ɗari.

"Baba, iskar ba ta shiga," in ji ta. Kalma ɗaya ɗaya ta faɗe shi.

Na ɗora kunne a bayanta, na ji wani siririn fito a ciki. Ba ta taɓa ciwon asma ba. Na dubi leɓɓanta, sun fara yin toka-toka.

Maƙwabcinmu wani alhaji ne mai sayar da taki, yana da tsohuwar mota. Ban san yadda na kai ƙofarshi ba. Ya fito da carbi a hannu, ya dube ni sau ɗaya, ya koma ya ɗauko makulli. Shi ya ɗauki yarinyar, don ni na kasa. Inna ta biyo mu har zaure tana ɗingishi. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana, ba ta ma cika duban idona ba. Ranar ta kama hannun rigata ta ce, "Kai, mi kuka ci wanda ban ci ba?" Na ce ban sani ba. Na ce ta zauna ta kula da gida, yanzu za mu dawo.

A asibiti aka shigar da mu ɗaki ɗaya. Likitan matashi ne, mai magana a hankali. Ya sa aka yi mamu gwajin zazzaɓin sauro, mu uku, ba a ga komai ba. Aka maƙala ma ɗiyata wani abu a yatsa, ya dubi lambar da ta fito, ya dubi majo, ma'aikaciyar jinya, ita kuma ta fita da sauri ta turo injin iska. Da aka sa mata robar a hanci ta riƙe hannun uwarta, idonta a kaina.

Likita ya ja kujera ya zauna gabana. "Mushe, kun sa maganin ƙwari a wake? Irin ƙwayar nan da ake sawa a buhu? Ko kun fesa fiya-fiya a ɗaki?"

Na ce ba mu da wake a gida, namu yana ƙauye.

"Gawayi a ɗaki rufe? Gas?"

Na ce a'a.

"Mutum uku lokaci ɗaya, tsohuwa kuma lafiya lau. Akwai abin da ku uku kuka shaƙa ita ba ta shaƙa ba. Yi tunani."

Matata ce ta yi magana daga gadonta. "Malam, tururin nan."

Na ce ai dutse ne kawai da ruwan zafi. Amma hannuna ya riga ya shiga aljihu. Da ƙyar na nemo wani tsohon hoton maɓallan, na tura a zauren, na rubuta cewa na zuba masu ruwan zafi da safe, yanzu mu uku muna asibiti. Ko minti biyu ba a yi ba wayar ta yi ƙara. Lambar Senegal ce. Wani dattijo ne a zauren, likitan dabbobi a Dakar, ban taɓa jin muryarshi ba sai ranar. Ko sallama bai yi ba.

"Tu les as ébouillantés ? Tafasasshen ruwa ka zuba masu? A ɗaki rufe?"

Na ce eh.

Sannan ya ce in saurara da kyau. Ya ce wannan irin yana da dafi a jikinshi, palitoksin ake ce mashi, yana cikin mafi ƙarfin dafin da aka sani, kuma ruwan zafi ba ya kashe shi, tashinshi yake yi ya bi tururi. Ya ce ba shi da makari. Abin da za a yi shi ne iska, da ƙarin ruwa, da maganin kumburin huhu, a kuma lura da zuciya da ƙoda. Ya ce in ba likita wayar. Na miƙa. Suka yi magana mai tsawo, likita yana rubutu a bayan wata takarda. Ina kallon fuskarshi ina neman wani abu da zan riƙe, ban samu ba.

Da aka maido mani da wayar dattijon ya ce, "Akwai wanda ya rage a gidan?"

Sai lokacin na tuna da Inna. Na tuna da robar da na bari a tsakar ɗaki da ruwa a ciki. Na kuma san halinta. Inna ba ta iya ganin kwano da datti ta wuce, ko a gidan wa take. Ba ta da waya. Na yunƙura in tashi, majo ta danne kafaɗata, allurar ƙarin ruwa tana hannuna. Alhaji yana tsaye a bakin ƙofa. Na ce, "Alhaji, don Allah, gida. Ka fito da Inna waje. Kada ta taɓa robar da ke ƙaramin ɗaki, kai ma kada ka shiga." Bai tambaye ni dalili ba, ya juya.

Daga asibiti zuwa gidanmu bai fi minti goma a mota ba. Na kwanta ina kallon silin, ina lissafa inda ya kai: yanzu ya wuce kasuwa, yanzu ya karya kwanar masallaci. A gadon gefe injin iska yana ta huci, ɗiyata tana ja, fiton nan yana nan. Na yi ƙoƙarin yin addu'a, bakina ya kasa haɗa komai sai sunan Allah kawai. Ina ta gaya ma kaina ai Inna ba ta shiga ɗakin nan, tsoronshi take ji.

Alhaji ya kira. Ya ce ya same ta a bakin famfo. Da muka tafi, ta ce a ranta ko mene ne ya kama mu daga ɗakin nan ya fito. Ta yi bisimilla ta shiga, ta jawo robar waje, ta kwashe duwatsun da hannu ta jefa waje bayan katanga, ta wanke robar tas da toka. Ya ce kaji uku suna kwance a gindin bedi, biyu sun riga sun mutu. Ya ce ita tana tsaye da ƙafafunta, numfashinta lafiya, sai dai tana ta murza idon hagu, ta ce ruwan ya fallatsar mata.

Na ce ya wanke mata idon da ruwa mai yawa, ya yi ta zubawa kada ya tsaya, sannan ya kawo ta. Na ji muryarta ta cikin wayar tana cewa, "Ba komi ba ne, ɗan yaji ne. Ɗiyar hwa, ta samu sauƙi?"

Bayan la'asar likita ya ce ba ya son yarinyar ta kwana a nan. Ya ce lambar tana hawa tana sauka, kuma in abin ya taɓa zuciya, kayan da za a duba ta suna Maraɗi. Aka shirya motar asibiti. Uwarta ta ce ko da jan ciki sai ta bi ta, aka kwantar da su tare. Ni aka ce in zauna, domin fitsarin da na yi ya fito kamar shayin da ya daɗe a wuta, likita ya ce naman jikina ne ke narkewa yana bi ta ƙoda, sai an yi ta ɗura mani ruwa. Aka turo gadon ɗiyata ta gabana. Ta ɗaga robar daga bakinta ta ce, "Baba, wa zai ba kifi abinci?" Na ce zan sa a ba su. Na so in taɓa ta, sai na tuna da hannun nan na goge duwatsun, ko da yake na wanke shi ya fi sau biyar. Na mayar da shi ƙarƙashin zane.

Suna fita aka shigo da Inna. Idon ya kumbura ya rufe, ya yi ja kamar gauta, hawaye na bin kuncinta. Tafin hannunta ma ya yi ja. Aka wanke, aka ɗiga magani, aka rufe da bandeji, aka ba ta gadon da jikarta ta tashi daga kai. Ta kwanta ta juya mani baya, kamar yadda ta saba. Can ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Lokotoro ya ce mi game da ɗiyar?" Na ce ya ce za ta warke. Bai faɗi haka ba.

Kwana biyu na yi ban san halin da nake ciki ba sosai. Zazzaɓi yana zuwa yana tafiya. Abin da na fi tunawa shi ne wayar a kan ƙirjina, ina jiran ta yi ƙara. Ƙanena ya rufe shago ya tafi Maraɗi daga Tasawa, shi ke ba ni labari. Ran Lahadi da safe ya ce an ƙara mata iska. Da rana ya ce ta yi barci. Na ce wane irin barci, ya ce barci dai, Yaya, ga ta nan ina ganin cikinta yana ɗagawa. Na ce ya kai wayar kusa da hancinta in ji. Ya kai. Na saurara har kuɗin wayar suka ƙare.

Ran Litinin da hantsi ya kira ya ce ga ta. Muryarta ta dushe, amma jimla ta yi mani cikakkiya ba tare da ta tsaya jan numfashi ba. Ta ce an ba ta kunu ba sukari, kuma wai in gaya ma madam ɗinsu ta lakwal dalilin da ya sa ba ta zo ba. Na ce to. Da na ajiye wayar na ja zane na rufe fuskata.

Ran Laraba aka sallame ni, su kuma ran Juma'a suka dawo. Ba gida muka koma ba, a wajen Alhaji muka yi mako guda. Dattijon Dakar ya gaya mani yadda zan yi da gidan. Na sa safar hannu ta roba har gwiwar hannu, da tabarau, da ƙyalle biyu a hanci. Na ɓalle kwalin taga, na wanke bango da ƙasa da ƙofa da ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta, na ƙona tabarmar da labulen da littafin da take rubutu a ciki. Duwatsun da Inna ta jefa bayan katanga na tsince su da shebur, ina ƙirgawa, ina sauri kada yaran unguwa su riga ni. Uku ne, duk suna nan. Na jiƙa su a jabel kwana biyu, na haƙa rami mai zurfi a bayan gari na binne, da kajin, da ƙasar gindin bedi.

Sauran abin da ke cikin akwatin ma haka na yi da shi, har mai ruwan hodar, don ban san inda maɓallan suka ɓuya ba. Matata ba ta ce in yi ba. Ta tsaya daga nesa ta ga ina kwashe ruwan, ta koma ciki. Kifin biyu sun rayu, Alhaji ya riƙa watsa masu abinci daga bakin ƙofa. Na sa su a leda na aika ma mutumin Yamai. Na rubuta ma ɗan kasuwar Lome abin da ya faru. Ya ce ya yi baƙin ciki ƙwarai, amma ai kowa ya san ba a zuba ma irin wannan ruwan zafi. Na daɗe ina duban saƙon. Ban amsa ba, don ban ga ƙarya a ciki ba. Ni da ke koya ma 'ya'yan mutane kada su taɓa abin da ba su san sunanshi ba.

Ɗiyata ta yi wata biyu tana tari in ta yi gudu, daga baya ya bari. Ni ƙodata ta dawo daidai. Idon Inna ne bai dawo ba. Kumburin ya saɓe, amma wani farin gajimare ya zauna a kan baƙin. Na kai ta wajen likitan ido a Maraɗi sau uku. A na ukun ya ce tabo ne, haske da duhu za ta riƙa bambancewa da shi, ba fiye da haka ba, sai dai in za a yi aiki a waje. Inna ta ce ba za ta hau jirgi saboda ido ɗaya ba, ɗayan ya ishe ta ganin hanyar rijiya.

A motar dawowa muna zaune a baya, ni da ita, buhunan wani ɗan kasuwa sun matse mu. Mun wuce Cadawa ke nan ta yi magana, fuskarta a wajen taga.

"Abin nan da ke kan dutsen. Ciyawa ce ko mi?"

Na ce dabba ce, Inna.

"Da rai?"

Na ce da rai.

Muka wuce wani ƙauye da ake ɗaurin dammunan gero a bakin hanya. Sannan ta ce, "To ai ko kaza sai an yanka ta ake sa ta ruwan zahi."

Da muka isa Mayahi ta ce gobe in nema mata motar ƙauye, an fara sussuka kuma ba ta yarda da awon matar ƙanenta ba. Washegari na raka ta tasha, na riƙe mata hannu ta ɓangaren hagu har ta hau.